Makullin Yaya Tukur da Lahadi huɗu da ban tayar da mashin ba

Lahadi. Aikin farko: auna iskar tayoyin mashin ɗina, gaba da baya, kafin rana ta yi zafi.

Na auna ta gaba. Ban kai ga ta baya ba waya ta shigo daga Kano.

Yaya Tukur ya rasu.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ƙaninsa Kabiru ne ya kira. Ya ce da asubar yau ya fito zai yi alwala, ya ce kansa yana sara masa, ya zauna a kan dakali, kafin a fito da mota Allah ya karɓi abinsa. Jana'iza ƙarfe goma agogon gida, wato ƙarfe ɗaya na rana a nan Dubai.

Ina tsugune a bayan masaukinmu na ma'aikata a unguwar DIP, ma'aunin iska a hannuna.

"Malam Auwalu, kana ji na kuwa?"

Na ce ina ji.

"Jiya da la'asar ma sai da ya yi zancenka. Ya ce makullin mashin ɗinsa yana wajenka, in ya sauka ranar Alhamis kai zai fara nema."

Wannan maganar ce ta hana ni sakat tun safe. Waɗanda suka san ni sun san ba na yawan sa abu a shafin nan, rubutuna a littafin aljihu yake ƙarewa. Amma yau akwai abin da in ban faɗe shi a gaban mutane ba, ban san inda zan kai shi ba.

Sati biyar da suka wuce Yaya Tukur ya bar mini amanar mashin ɗinsa. Aikin bai taka kara ya karya ba: in je duk Lahadi in tayar da shi, in ɗan zaga da shi. Lahadi huɗu ina tura masa saƙo ina cewa na yi.

Ko sau ɗaya ban yi ba.

Bari in faɗi ko wane ne shi tukuna, don waɗanda ba su san shi ba.

Alhaji Tukur ɗan kasuwa ne, yana da shagon kago a Al Ras, yana haɗa wa mutanenmu kaya yana tura musu gida. Kafin kasuwanci bakanike ne a Kano, kuma har ya rasu ƙasan faratansa bai rabu da baƙin mai ba. Ya girme ni da kusan shekara goma sha biyar. Ba uwa ɗaya ba, ba gari ɗaya ba, amma Yaya nake ce masa, kuma ya amsa sunan har ƙarshe.

Shekara huɗu ke nan da haɗuwarmu. Lokacin na sayi ɗan ƙaramin mashin na hannu don in huta da jiran bas ɗin kamfani. Ina wani gidan mai a hanyar Jebel Ali, a gaban injin iska, na buɗe littafina ina karanta lamba a fili ina kokwanto, talatin da biyu ne ko talatin da shida. Sai na ji murya daga bayana, da Hausa tsantsa:

"Malam, jarrabawa kake rubutawa ko iska za ka sha? Mu ma fa muna layi."

Na juya na ga mutum a kan wani ƙaton baƙin mashin, ya ɗage gilashin hular kwano yana murmushi. Ya sauko, ya danna tayata da babban yatsa, ya nuna mini wata 'yar takarda da ke manne kusa da sarƙa.

"Ga shi nan waɗanda suka ƙera shi sun rubuta maka. Kai mutumin ina ne?"

Na ce Zariya.

"Ashe Bazazzagi ne. To, na yafe maka layin."

Daga ranar ya sa mini suna Akawu, saboda littafin. Sunan ya bi ni har wajen aiki.

Wanda bai zauna a ƙasar nan ba zai yi mamaki in na ce sanyi ne kakar masu mashin. Daga Nuwamba zuwa farkon Maris ne mutum zai sa jaket da hular kwano ya hau titi yana jin daɗin ransa. Da Maris ya raba, iska ta fara ɗumi. Nan da wata biyu kujerar mashin da aka bari a rana ba ta zaunuwa, makulli ma ƙona yatsa yake yi. Masu kai saƙo ne kawai ke kan titi a lokacin, Allah ya sassauta musu.

Mu biyar ne muke fita tare. Duk Lahadi bayan sallar asuba mu nufi wajen Al Qudra, iska mai sanyi tana shiga ta wuyan jaket, yashi ja hagu da dama. Mu tsaya mu sha shayin karak, a yi ta musun wane ne ya fi tsoron kwana. Kullum ni ake ba kambun. Kafin ƙarfe goma mun dawo Bur Dubai, ƙarƙashin benen da Yaya yake zaune, inda ake fakin.

Nan ne garejinmu.

Yaya zai shimfiɗa kwalayen da ya kwaso daga shago, don kar ɗigon mai ya taɓa ƙasa natur ya yi ƙorafi, wato maigadin benen. Kayan aikinsa a tsohon buhun shinkafa mai zik yake zuba su. Bokiti ɗaya, tsumma uku, tsohon buroshin haƙori a cikin gwangwanin kalanzir. Da wannan buroshin yake bin sarƙa gaɓa-gaɓa, yana cewa yashin garin nan in ya haɗu da giris, cin sarƙa yake yi kamar gara.

Ba ya barin kowa ya tafi sai ya matsa birkinsa da hannunsa ya ji.

Akwai Lahadi ɗaya a shekara da muke kira sallamar sanyi. Ita ce fita ta ƙarshe kafin zafi. In mun dawo, kowa zai yi juyen baƙin mai, a wanke sarƙa, a duba ruwan lagireto, a hure matatar iska. Wanda ba zai hau ba sai baɗi, ya cire kan batir ya lulluɓe mashin da tamfol. Daga nan Yaya ya aika a kawo shinkafar biryani, mu ci a kan kwali da hannu mai warin kalanzir.

Ta bana Lahadi mai zuwa ce. Yaya ne ya sa ranar.

A duk waɗannan Lahadin, aikina ɗaya ne: in tsaya a gefe in rubuta. Littafi uku na cika da bayanin Yaya, mataki-mataki, har da zane. Amma ko noti ɗaya ban taɓa kwancewa a mashin ɗina ba. Kullum gani nake zan ɗaure fiye da kima in lalata, ko in bar shi sako-sako ya kwance a kan titi.

Wata Juma'a da yamma mashin ɗina ya ƙi tashi. Na kira shi don ya ba ni shawara kawai. Sai ga shi ya keto gari tun daga Bur Dubai har DIP, buhun shinkafarsa ɗaure a baya. Ya saurari injin sau ɗaya ya ce fulogi ne. Ya miƙo mini sifana.

"Kwance."

"Yaya, kar in ɓata."

"To ɓata mana. Ba ga ni a tsaye ba?"

Na riƙe sifanar na ɗan lokaci, na mayar masa, na zaro biro. Ya kalle ni ya girgiza kai.

"Akawu, littafin nan naka ya iya gyaran mashin. Saura kai."

Ko shayi bai tsaya ya sha ba ranar, wai yana son ya samu magariba a unguwarsu.

Safar hannun da nake sawa tasa ce. Jaket ɗin zafi mai raga-raga shi ya ba ni, wai ta matse shi, alhali na san sabuwa ce. In zafi ya tsananta yakan kira ni da rana tsaka ya ce, "Kana ina? In a kan mashin kake, sauka ka shiga masallaci ka sha ruwa."

Sai abin da ya faru bara.

Muna ƙarƙashin benen ya ce in ɗan matsar masa da mashin ɗinsa zai shimfiɗa kwali. Nawa in ya karkata da gwiwa nake tare shi. Nasa ya ninka nawa nauyi. Ina sauke shi daga jak ya rinjaye ni, ya tafi ɗaya gefen, ya daki ginshiƙi. Madubi ya fashe, tanki ya karce tsawon yatsa.

Kowa ya yi salati. Yaya ko kallon mashin ɗin bai yi ba.

"Ƙafarka fa? Taka in gani."

Ya canza madubin, amma karcen ya ce ba zai taɓa shi ba, wai sa hannun Akawu ne. Aka yi dariya, ni ma na yi. Amma da na koma ɗaki na rubuta a littafina: kada in ƙara taɓa mashin ɗin Yaya. Na ja layi biyu a ƙarƙashi.

Haɗuwarmu ta ƙarshe ranar Asabar ce da la'asar, washegari zai tashi zuwa Kano ganin iyali. Ya ce in raka shi ya rufe shago. Muka shiga abra, wato kwalekwalen haya, daga Bur Dubai za mu tsallaka ruwa. Sanyi na nan sosai lokacin, har ya naɗa rawani a wuya, tsuntsayen ruwa suna bin kwalekwalen suna kuka. Muna tsakiyar ruwa ya kamo hannuna ya danƙa mini makulli.

"Duk Lahadi. Ka yaye tamfol, ka tayar, ka bar shi ya ɗumama minti biyar, ka zaga unguwa, khalas, shi ke nan."

Na ce, "Yaya, ga Musa nan kusa da kai, ni ina can ƙarshen gari." Musa ɗaya ne daga cikin mu biyar ɗin.

"Musa? Kafin in dawo ya je can garin Hatta sau uku ya cinye mini taya. Shi ya iya. Ni wanda bai iya ba nake nema."

"In na sake kayar da shi fa?"

"Sai ka ɗaga. Mashin ne, ba ƙwai ba."

Na yi ta juya makullin. Ya bugi kafaɗata.

"Kuma ka shirya. Sallamar sanyin bana kai za ka yi juye, ni zan riƙe littafi in yi ta rubuta kurakuranka."

Da muka sauka a Al Ras, ƙamshin kanumfari da busasshen lemun tsami ya tarbe mu daga shaguna. Na taya shi jan ƙofar shago ya sa kwaɗo. Ya ce zai biya ta wajen wani maƙwabcinsa su yi sallama. Ya shiga lungu, bai juyo ba, ya ɗaga hannu sama.

"Yalla, Akawu. Sai na dawo."

Ganina da shi na ƙarshe ke nan. Bayansa, da rawanin a wuya.

Lahadi ta farko na je. Wannan kam na je. Na shiga ƙarƙashin benen na ga mashin ɗin lulluɓe da tamfol ruwan toka, an ɗaure da igiya yadda yake ɗaurewa. Na tsaya daga nesa, makulli a hannu. Idona ya kai kan ginshiƙin nan. Na tuna ba kowa a wajen, in ya faɗi ni kaɗai ne. Na fi minti goma a tsaye. Ko gefen tamfol ɗin ban ɗaga ba, na juya na tafi.

A cikin jirgin metro na danna waya na yi masa saƙon murya. Har yanzu ban san yadda maganar ta fito ba.

"Yaya, na tayar da shi. Bugu ɗaya ya tashi."

Bayan awa ɗaya amsa ta zo, yana dariya a ciki.

"Bugu ɗaya? Kai Akawu, lalle hannunka da albarka."

Lahadi ta biyu ban ma fita ba. Na rubuta aikin a littafi, na yi masa kibiya zuwa sati mai zuwa, na tura saƙo. Ya tambaye ni, "Ka dai yaye tamfol ɗin gaba ɗaya ka kakkaɓe ko?" Na ce na yaye.

Ta uku ya ce, "Yaya sautinsa?" Na ce lafiya lau, kamar agogo.

Ta huɗu bai yi dariya ba sosai. Ya ce, "Akawu, in ka je wani satin ka kira ni a bidiyo daga wajen mashin ɗin. Ina marmarin ganinsa. Kai ma ina marmarin ganinka." Na ce masa ƙarƙashin benen ba sabis.

Akwai sabis. Sau nawa muka kira gida daga wajen.

Duk sati ina gaya wa kaina in ya dawo zan faɗa masa gaskiya a baki, ya yi mini tsiya son ransa a wuce wajen. Abin da na fi jin tsoro shi ne batir ya mutu saboda zama, ya zo ya danna ya ji shiru, a gaban kowa.

Yau da Kabiru ya ajiye waya, na shiga ɗaki na ɗauko makullin da littattafan nan uku, ban san dalilin ɗaukar su ba. Ban hau mashin ɗina ba, ban yarda da hannuna ba. Metro na bi.

Sha biyu da rabi na isa. Tamfol ɗin ya yi ƙura, ga sawun kyanwa a kai. Na kwance igiyar, na yi bismillah, na yaye.

A kan tanki, daidai saman karcen, an manna guntun kwali da salatif. Rubutunsa ne, da baƙar makar da yake rubuta sunan masu kaya a jikin katan.

"Akawu, sannu da zuwa. Na cire kan batir, ba zai tashi ba sai ka haɗa. Kar ka firgita. Sifana mai lamba goma tana ƙarƙashin kujera. Kira ni a bidiyo mu haɗa tare, minti biyu ne. Kai za ka riƙe sifanar."

Na karanta. Na sake karantawa. Na zauna a ƙasa.

Mashin ɗin da na ce masa ya tashi bugu ɗaya, tun ranar da ya tafi ba wuta a jikinsa. Tun saƙona na farko ya sani. Lahadi huɗu yana saurarena ina faɗin abin da ba zai yiwu ba, yana ce mini hannuna da albarka.

Kuma sau uku yana buɗe mini ƙofa. Ka yaye tamfol? Yaya sautinsa? Kira ni. Ni kuwa ina ta ƙara tubali a kan ƙaryata.

Minti biyu ya nema a wajena. Na hana shi.

Na ciro waya, wallahi har na buɗe sunansa. Hotonsa na nan da hular kwano a hammata, a ƙasa an rubuta lokacin da ya duba waya na ƙarshe, jiya bayan isha'i.

Na duba agogo, ɗaya saura minti biyar. A can gida ana daidaita sahu.

Ban san tsawon zaman da na yi ba. Daga baya na buɗe kujerar da makullin. Ga sifanar nan naɗe a tsumma. Ga baƙar wayar batir an lanƙwasa ta gefe, an naɗe bakinta da salatif, notin kuma an saka shi a 'yar leda an ɗaure a jikin wayar don kar ya ɓace. Komai a shirye, kamar yadda ake shirya wa baƙo shimfiɗa.

Ba wanda zan kira. Sai na buɗe littafi na biyu, na yi ta juya shafi har na samu. Sallamar sanyin shekara biyu da suka wuce, da rubutuna, amma maganarsa ce kalma da kalma, don haka nake rubutawa:

"Ja ake fara haɗawa, baƙa daga baya. Ka ɗaure har noti ya tsaya da kansa, sannan ka ƙara shwaiya, ɗan kaɗan. Ba kokawa kuke yi ba."

Jar tana haɗe. Na warware salatif ɗin. Na ɗora baƙar a mazauninta, ta yi ɗan tartsatsi, na janye hannu kamar an harbe ni. Na sake ɗorawa. Notin ya kuɓuce mini sau biyu, na biyun sai da na kwanta a ƙasa na lalubo shi a bayan taya. Na ɗaure har ya tsaya. Na ƙara kaɗan.

Shi ne noti na farko da na taɓa ɗaurewa a jikin mashin. Ina da shekara arba'in da ɗaya.

Na murɗa makulli, fitilu suka kawo. Na kama kuloci na danna.

Ya tashi.

Duk wanda ya taɓa fita da mu ya san wannan sautin. Shi muke fara ji daga kwana kafin mu gan shi. Ya cika ƙarƙashin benen, yana dukan bango yana dawowa. A nan ne kukan da na riƙe tun safe ya ƙwace mini.

Sai ga natur ya fito daga ɗakinsa da sauri, dattijo ne ɗan Pakistan, fuskarsa cike da fara'a, yana waige-waige. Da guntun Larabcin da muke yi da juna ya tambaye ni, Haji ya dawo? Ina Haji?

Na gaya masa.

Ya cire hularsa ya riƙe, ya mayar, ya yi ta maimaita innalillahi. Ya ce kafin Haji ya tafi ya gaya masa wani abokinsa zai riƙa zuwa duk Lahadi, ya bar shi ya shiga, kuma in ya ga ya daɗe a tsaye kar ya yi masa magana, zai yi a hankali. Ya ce ya gan ni ranar farko ta taga. Shi ya sa bai fito ba.

Na bar injin ya yi minti biyar ɗinsa. Na hau na zauna, na kama hannuwan.  Ban iya sauke shi daga jak ba. Na kashe, na sauko.

Wajen ƙarfe uku na kira Kabiru, sun dawo daga maƙabarta. Na yi masa gaisuwa, sannan na ce akwai maganar da zan faɗa masa, tunda wanda ya kamata in faɗa wa ba ya nan. Na faɗa masa duka, ban rage komai ba.

Sai na ji wani sauti, na zaci kuka ne. Ashe dariya ce ta haɗu da kuka.

"Malam Auwalu, wallahi ban zaci zan yi dariya yau ba. Ai duk gidan nan an san zancen. Duk Lahadi in saƙonka ya shigo sai ya tara mu a ƙofar gida ya ce, ku zo ku ji Bazazzagin da yake tayar da mashin ba batir. Ya ce in ya koma zai kai ka kamfanin da suka ƙera shi su ba ka aiki."

Kunya ta rufe ni. Can na ce, "Kabiru, don Allah kar ka ɓoye mini. Ransa ya ɓaci?"

Sai ya ce:

"Satin da ya wuce ne kawai na ga ya saurara bai kira kowa ba. Na tambaye shi lafiya, ya ce, bawan Allahn nan tsoro ne yake cin sa, ba rashin amana ba. In na matsa masa ta waya guduwa zai yi. Bari dai in koma."

Bari dai in koma.

Na tambaye shi yadda za a yi da mashin ɗin, tunda yanzu kayan magada ne. Ya ce sai an zauna bayan kwana bakwai. Kafin nan in ci gaba da riƙe shi yadda Yaya ya ce, kar in canza komai.

Tun da na dawo ɗaki nake juya maganar. Ban sani ba ko dariya yafiya ce. Mutum yana iya yi maka dariya abin yana ci masa rai. Na so in ji daga bakinsa. Na so ya kalle ni ya ce, Akawu, ka ji kunya, sannan ya miƙo mini sifana. Da na yaye tamfol ɗin nan ranar farko, da na ga fuskarsa sau huɗu kafin yau. Abin da ya rage mini saƙon murya huɗu ne, kowanne amsar ƙarya ce, kuma a kowanne muryarsa ba ta canza mini ba.

Sanyi ya kusa ƙarewa. Da yamman nan iskar da ta shigo ta taga ɗumi gare ta. Ban san yadda za mu tsaya a ƙarƙashin benen nan ranar Lahadi mu huɗu ba, ban san wa zai matsa birkin kowa kafin ya tafi ba.

Ya Allah, ga bawanka Tukur ya zo gare ka. Ya rufa mini asiri a lokacin da nake yi masa ƙarya, ka rufa masa asiri duniya da lahira. Ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata kabarinsa ka sanyaya shi, ka haskaka masa. Ka ba matarsa Hajiya da yaran da Kabiru haƙurin rashinsa, ka tsaya musu.

Duk wanda ya karanta har nan, ko ka san shi ko ba ka san shi ba, don Allah ka tsaya ka yi masa addu'a kafin ka wuce. In da sauran wuri a addu'ar, ka roƙa mini gafarar abin da na yi masa.

Gobe Litinin, na nemi hutun kwana ɗaya a wajen aiki.

1. Kiran Hajiya in yi mata ta'aziyya. Yau sau biyu ina danna lambar ina kashewa.
2. Zuwa Al Ras, in sanar da maƙwabtan shagonsa waɗanda ba sa jin Hausa.
3. Nemo takardun mashin ɗin, in tura wa Kabiru hotonsu.
4. Sarƙar ta bushe. A wanke, a sa mai.
5. Sauke shi daga jak, in fita da shi, in zaga unguwa. Yau tayarwa kawai na iya.